Kaka a Italiya: daga hazon Piemonte zuwa matsar zaitun a Toskana

Duk wanda ke son sanin abin da mutanen Italiya ke ci a gidajensu, kada ya je a watan Agusta. A lokacin masu gari sun rufe shaguna sun tafi bakin teku, an bar baƙi da abincin baƙi. Ya haƙura sai tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin da kaka ta kankama. A wannan tsakanin ne na bi ƙasar daga arewa: Turin da Alba a yankin Piemonte, sannan gabas ta kwarin kogin Po har Mantova, na hau duwatsun Apennino, na gangara Toskana ana tsaka da girbin zaitun. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kowane abinci yana da 'yan makonninsa ƙidayayyu, idan sun wuce sai baɗi. Mai girki a can kasuwa yake fara zuwa, abin da ya tarar shi zai gaya masa abin da za a ɗora a wuta.

A Turin kasuwar ita ce Porta Palazzo, wadda ake yawan cewa babu kasuwar fili mai girmanta a Turai. Da safe ake cinta. A ƙarshen Oktoba tumatir ya ja baya, teburan sun koma kabewa iri-iri, kabeji, farin kabeji, albasa mai lawashi, rumman, tuffa, da inabin ƙarshe. A kewayen filin akwai mahauta Musulmi da yawa, galibi 'yan Maroko, don haka batun naman halal ba ya ba da wahala a nan. Akwai kuma wani ɗan itace ruwan lemo da suke kira kaki, ɗan uwan kanya ne ta wajen dangi, amma ya kai tumatir girma. Iri biyu ne, kuma baƙo ya kan sha kunya a nan. Mai laushi ba a cinsa sai ya nuna luguf har fatarsa ta kusa fashewa, a sha shi da cokali. Idan aka ci shi da sauran tauri, bauri zai ɗaure baki. Wanda ya sayi mai tauri ya sa shi cikin jakar takarda da tuffa guda biyu, iskar da tuffa ke fitarwa za ta nunar da shi cikin 'yan kwanaki. Ɗaya irin, kako mela, shi ake ci da taurinsa.

Sanyin gida yana da doka. An raba ƙasar shiyya-shiyya gwargwadon sanyinta. A Turin, Milan da Bologna ana iya kunna na'urar ɗumama gida daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, awa 14 a rana; a Fulorens da Roma sai 1 ga Nuwamba, awa 12. A benaye masu tukunyar ɗumi guda ɗaya babu wanda zai kunna maka kafin ranar, ko da kana karkarwa, don haka makon da ya gabaci kunnawa ya kan fi tsakiyar hunturu wahala a cikin ɗaki. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan lokacin Italiya ya zo daidai da na Kano da Yamai. Magariba ta dawo wajen ƙarfe 5, Azahar da La'asar da Magariba suka matse cikin kamar awa biyar, sai matafiyi ya tsara jiragen ƙasansa da wannan lissafi. Babbar matsalar gidaje a wannan lokaci laima ce. Ana shanya wanki a ɗaki, tagogi a rufe, kafin a ankara fumfuna ta yi baƙi a kusurwar bango da bayan kabad. Maganin da kowa ke yi shi ne a wangale tagogi minti goma safe da yamma, kome sanyi, a kuma janye kabad daga jikin bango kaɗan.

Daga Turin zuwa Alba tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa. Garin kamfanin Ferrero ne, wanda aka kafa a 1946, kuma idan iska ta juyo ana jin ƙamshin gasasshen hazelnut, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, da cakulan a titi. Amma a kaka tartufo ne ke kawo mutane. Dangin laimar kwaɗi ne, sai dai a ƙarƙashin ƙasa yake yi, manne da saiwar wasu itatuwa, a ido kuma kamar wani ƙullutun dankali maras fasali. Farin, wanda ya fi tsada, har yanzu ba a iya nomansa yadda zai wadata ba, nemo shi ake yi. Masu neman, trifolau, da dare suke fita da kare, don ƙamshi ya fi tashi kuma don kada maƙwabci ya ga wurin. Dokar 1985 ta ce da kare kaɗai za a nema, saboda alade yana tumɓuke ƙasa ya lalata wurin, kuma dole a mayar da ƙasa a rufe ramin. A 2021 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya.

Baje kolin tartufo na Alba yana ci Asabar da Lahadi daga Oktoba zuwa farkon Disamba. Ana biyan kuɗin shiga, akwai kuma alƙalai da ke duba kayan kafin a sayar. Farashi kan giram 100 ake faɗa, ɗaruruwan yuro ne, yana hawa a shekarar da rani ya yi fari. Mai kyau yana da tauri idan an latsa, yana da nauyi, ƙamshinsa na tafarnuwa da zuma da danyar ciyawa. Idan ya yi laushi ko ya fara warin fitsari, ya wuce. A duba ramukansa, don ana cusa ƙasa a ƙara nauyi. Ba a dafa shi, ba a jiƙa shi: buroshi mai laushi, sannan a fere shi siriri a kan abinci mai zafi, giram 8 zuwa 10 ga mutum. Ajiyarsa a naɗe da takardar kicin, cikin kwalba, a firji, ana canza takardar kullum, kuma kada ya wuce mako. Masu binne shi cikin shinkafa busar da shi kawai suke yi. A gidan abinci a sa a auna shi a gabanka kafin ferewa da bayanta, in ba haka ba takardar kuɗi za ta ba ka mamaki. Man tartufo na kwalba kuwa yawancinsa ƙamshin haɗi ne na masana'anta.

A ganina tartufo abu ne da za a ɗanɗana a san shi, a wuce. Taliyar da ake ɗora shi a kai ta fi shi amfani ga mai koyon girki. Sunanta tajarin, kuma da gwaiduwar ƙwai zalla ake kwaɓa ta, har 40 ga kilo ɗaya na fulawa. Ga mutum huɗu, fulawa giram 300 da gwaiduwa 11 ko 12. Kwaɓin yana da tauri, a murza minti goma, a rufe ya huta rabin awa, in ba haka ba zai riƙa komawa baya ana miƙa shi. A miƙa shi ya kusa milimita ɗaya, a bar shi ya ɗan sha iska har ya daina kama hannu, a naɗe, a yanka faɗin milimita biyu zuwa uku. Idan aka naɗe da sauran damshi zai manne ya zama dunƙule, idan kuma ya bushe da yawa zai kakkarye. Minti biyu ya ishe shi a tafasasshen ruwa mai gishiri giram 10 ga kowace lita. A juye shi cikin narkakken man shanu giram 70 da ludayi ɗaya na ruwan dahuwar.

Abincin manoman yankin na ainihi shi ne bagna cauda. Ga kowane mutum kan tafarnuwa guda cur, giram 50 na ƙananan kifin acciughe da aka adana cikin gishiri, da rabin kofi na man zaitun. A ɓare tafarnuwa, a cire koren tsiron tsakiya, a yanka siriri, a sa cikin mai a tukunyar ƙasa a kan wuta mafi ƙanƙanta. A wanke kifin, a cire ƙaya, a zuba, a yi ta juyawa kamar rabin awa har kome ya narke. Sharaɗin ɗaya ne: kada man ya soyu. Da tafarnuwa ta yi ja, ɗaci ya shiga, babu gyara. Masu gudun wari suna fara dafa tafarnuwar a madara. Kowa da ɗan kaskonsa mai kyandir a ƙasa, fujot, yana tsoma ganye: gasasshen tattasai, ɗanyen kabeji, dafaffen dankali, gasasshiyar albasa, da kardo na Nizza Monferrato, wanda ake lanƙwasawa a binne a ƙasa har ya yi fari ya rasa ɗaci. A ƙarshe a fasa ƙwai a ragowar man. Tsohon tsari yana wanke kifin da jar giya, don haka a tambaya.

Batun tambaya ya cancanci a tsaya a kansa, domin kaka lokacin yankan alade da farautar gadu ne. Kalmomin da Musulmi zai riƙe: maiale alade ne, cinghiale gadu, lardo da strutto kitsen alade, pancetta, guanciale, salsiccia da prosciutto duk namansa ne. Strutto ya fi ɓoyewa, yana shiga wasu burodi da piadina, wani shafaffen burodi mai kama da gurasa. Miyar ganye ma ana iya fara ta da ɗan pancetta, mai hidima kuma zai rantse babu nama a ciki, don a wurinsa wannan kayan ɗanɗano ne. A ce "senza maiale, senza vino", sannan a ambaci pancetta da sunanta. A gonakin tuffa na Saluzzo da na inabi a Langhe, tuddan da ke kewaye da Alba, za ka ji harsunan Afirka ta Yamma a bakin masu tsinka. Ƙasar ta yi doka a 2016 a kan 'yan kamashon da ke kwasar leburori ba takarda suna zaftare musu lada, amma abin bai ƙare ba, kuma wanda aka yi wa tayin aikin kaka ya nemi kwantiragi a rubuce kafin ya taka gona.

Gabas da Turin ƙasa ta baje, hazo mai laima ya kwanta har hantsi. Vercelli, Novara da Pavia su ne gidan shinkafa, Italiya ce kan gaba a nomanta a Turai, kuma a Satumba da Oktoba ake girbi. Risotto da kabewa shi ne abincin wannan wata. Ga mutum huɗu: shinkafa Carnaroli giram 320, kabewa fererriya giram 450, ƙaramar albasa, romon ganye lita ɗaya da kwata, man shanu giram 40, cukun Grana gogagge giram 50. Ba a wanke shinkafar, domin garin jikinta ne ke ba da kaurin. A laushe albasa da kabewa a ɗan mai, a gefe kuma a gasa shinkafar a busasshiyar tukunya minti biyu zuwa uku har ta yi zafin da ba a iya riƙe ta a tafin hannu. A haɗa, a riƙa zuba romo ludayi-ludayi, sai wanda aka zuba ya kusa tsotsewa a ƙara, minti 16 zuwa 18. Romon ya kasance yana tafasa a gefe. Romo mai sanyi yana tsayar da dahuwa, wajen ƙwayar ya caɓe, cikinta ya rage gau. A nan ne suke zuba farar giya bayan gashi, kuma tsami kawai ake nema daga gare ta, ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami a ƙarshe ya wadatar. A sauke daga wuta kafin a sa man shanu mai sanyi da cuku, a buga da ƙarfi, a rufe minti biyu. Idan aka karkata faranti ya kamata ta malala a hankali. Wadda ta tsaya kamar tudu ta bushe.

A Mantova kabewa cikin taliya take shiga, tortelli di zucca, abincin daren jajibirin Kirsimeti a gidajensu, amma tun Oktoba ake samunsa. Ruwa ne abokin gabarsa. Gasa kabewar ake yi a oben, digiri 180, kamar minti 50, a murƙushe, idan da sauran ruwa a ɗaure a ƙyalle a matse. Ga giram 500 na gasasshiya a sa giram 100 na biskit ɗin amaretti dakakke, giram 100 na mostarda, wato 'ya'yan itace da aka dafa da sukari da man mastad mai hawa hanci, giram 100 na Grana, da gyaɗar ƙamshi. Haɗin ya kwana a firji. Kwaɓin ƙwai ɗaya ga giram 100 na fulawa. A fitar da iska kafin a manne baki, in ba haka ba su fashe a tukunya. Zaƙi da gishiri da yaji a loma ɗaya, ba kowa yake so a karon farko ba. Da man shanu da ganyen salvia za a nema, don ɗaya miyar da tsiren alade ake yinta.

Polenta ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya tashi da tuwon masara, har ƙanzon ma ana rububinsa. Bambancin shi ne garin tsaki-tsaki ne, rawaya, babu talge, ana sa gishiri, kuma ta fi tuwo ruwa: lita biyu ga giram 500. A riƙa barbaɗa garin a ruwan da ya fara tafasa ana kaɗawa don kada ya yi gudaji, a tuƙa da muciya minti 45 a ƙaramar wuta har ta saki jikin tukunya. Wadda aka sauke da wuri tana ɗaci tana kuma kumbura ciki. A ƙarni na 19 talakawan arewa sun dogara da ita kaɗai har cutar pellagra, ta rashin sinadarin niyasin, ta yi musu ɓarna.

Inda na fi daɗewa shi ne dajin kastanya. Jirgin da ke tsakanin Faenza da Fulorens yana tsayawa a Marradi, ƙaramin gari a cikin duwatsu da ke bikin kastanya a ranakun Lahadi na Oktoba. Kastanya itace ne babba, 'ya'yansa cikin ƙwanso mai ƙaya, ƙwayar ruwan ƙasa mai sheƙi, cikinta gari-gari da zaƙi. Mutanen dutse sun yi ɗaruruwan shekaru ita ce hatsinsu, har suna kiran itacen bishiyar burodi. Ba a kaɗo ta, faɗowa take da kanta a tsince da safar hannu. Dajin yana da masu shi ko da babu shinge, kuma tsinta ba izini sata ce. Marrone shi ne irin da aka gyara: ya fi girma, fatar ciki tana saɓulewa da sauƙi, ƙwayar ba ta rabe ba. Gargaɗi guda: a titunan birane da wuraren shaƙatawa akwai wata mai kama da ita, ta itacen ippocastano, kuma guba ce. Ta ci tana da gefe ɗaya shafaffe da ɗan tsini mai gashi, ƙwansonta kuma ƙaya ce cunkus sirara. Ta titi mulmulalliya ce ba tsini, ƙwansonta kore da ƙaya jefi-jefi.

Ɗanyar kastanya rabinta ruwa ne, a ɗaki mai ɗumi ba ta mako ba ta yi tsutsa ko fumfuna ba. Dabararsu ita ce novena: a nutsa ta a ruwan sanyi, duk wadda ta taso a zubar, tsutsa ta cinye cikinta. Sauran su zauna kwana tara ana sauya ruwa, sannan a baza su a inuwa su bushe sarai. Haka za su kai wata biyu zuwa uku. Wajen gashi a tsaga bayan kowace da wuƙa, tsaga mai ratsa ɓawo, domin wadda ba a tsaga ba fashewa take kamar bindiga. Kasko mai huji-huji a kan garwashi, minti 20 zuwa 25 ana girgizawa, ko oben a digiri 200 na rabin awa. Daga wuta a naɗe su a ƙyalle minti goma, tururin ne ke saki fatar ciki, kuma a ɓare da ɗuminsu, don idan suka huce fatar ta koma ta manne. Wuta mai ƙarfi tana ƙona waje ta bar ciki ɗanye.

Mayar da kastanya gari kuma aikin wata biyu ne. A Garfagnana, arewa da Lucca, har yanzu ana amfani da metato, ɗakin dutse mai hawa biyu: kastanya a sama a kan shimfiɗar sanduna, wuta a ƙasa da itacen kastanya, an lulluɓe ta da ɓawon bara don ta yi ta ci ba harshe. Kwana 40 ake yi wutar ba ta mutu ba. Idan ta yi ƙarfi garin ya yi ja ya yi ɗaci, idan ta yi rauni fumfuna ta shiga. Kilo uku na ɗanya ke ba da kilo ɗaya na busasshiya, sannan a casa, a tsince, a niƙa a dutse. Shi ya sa sabon gari ba ya fitowa sai ƙarshen Nuwamba, wanda ke kanti a Oktoba na bara ne. A ɗanɗana kafin a saya: mai kyau yana narkewa a harshe da zaƙi. Da shi ake castagnaccio, wainar da babu sukari, babu ƙwai, babu yis. Gari giram 300 a tankaɗe, ruwa mililita 400 zuwa 450 a hankali har ya yi ruwa-ruwa, ɗan gishiri, man zaitun cokali uku, zabibi giram 50 da aka jiƙa. A zuba a faranti mai mai, kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya da rabi, a watsa pinoli, wato ƙwayar itacen pine, da ganyen rozmari, a ɗiga mai, a gasa a digiri 190 kamar minti 35. Alamar nuna ita ce samansa ya tsattsage. Mai kauri da yawa cikinsa yana danƙo.

A dazukan nan ne kuma ake neman porcini, laimar kwaɗi mai kaurin ƙafa. Sai da takardar izini, iyaka kilo uku a rana, a kwandon saƙa, an hana leda. Hukumomin lafiya na yanki suna da masana da ke duba abin da mutum ya tsinto kyauta, kuma kowace kaka ana kwantar da mutane saboda Amanita phalloides, wadda alamunta ba sa bayyana sai bayan awa shida ko fiye, lokacin ta riga ta kama hanta. Baƙo ya saya a kasuwa. A goge da ɗanyen ƙyalle, a yanka, a soya a kasko mai zafi da mai da tafarnuwa, kaɗan-kaɗan. Idan aka cika kaskon ruwansu zai fito su dahu maimakon su soyu. Gishiri a ƙarshe.

Ranar 1 ga Nuwamba hutu ce, washegari ranar ziyarar kaburbura, kuma furen crisantemo da ya cika kasuwa na maƙabarta ne, ba a kai shi gidan da aka gayyace ka. Ranar 11 ga wata, San Martino, ita ce da can ƙarshen kwantiragin manoman haya, iyali su ɗaure kaya a amalanke su koma wata gona. Daga 15 ga Nuwamba hanyoyi da yawa suna wajabta tayar hunturu ko sarƙa a mota, mai hayar mota ya duba but kafin ya bar gareji.

A tuddan da ke kewaye da Fulorens da Lucca, daga ƙarshen Oktoba, ƙarƙashin kowace bishiyar zaitun raga ce a shimfiɗe. Ana tsefe rassan da wani dogon mataji mai batir. Irin da suka fi yawa Frantoio, Moraiolo da Leccino, kuma ana tsinka suna tsakanin kore da shuɗi-baƙi, ba a jira su nuna. Wannan yana rage mai, kilo 100 na iya ba da kilo 10 zuwa 15 kawai, amma ɗanɗano da ƙarko sun fi. Ba a tsinka da ruwan sama, ba a ɗaukar waɗanda suka faɗi ƙasa da kansu. A zuba su a akwatunan roba masu huji, a kai matsa cikin awa 24. A buhu suna ɗumama su fara ruɓa, man ya ɗauki warin da ba ya fita. Shekarar da rani ya yi laima ƙudan zaitun yana huda 'ya'yan ya yi tsutsa, tsamin mai ya hau.

Matsar, frantoio, a wannan wata kwana take tana aiki, da layi ake shiga, kuma masu zaitun suna tsayawa a kan kayansu har man ya fito. A cire ganye, a wanke, a niƙe har da ƙwallon, a juya ƙullin a hankali kamar rabin awa don ɗigon mai su haɗu, sannan injin juyi ya raba mai da ruwa da dusa. Sai zafin bai kai digiri 27 ba za a rubuta cewa matsar sanyi ce, kuma sai tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, babu kuma aibi a ɗanɗano, zai amsa sunan extravergine. Sabon mai kore ne, gurɓatacce a ido, yana da ɗaci, yana kuma kartar maƙogwaro har a yi tari. Wanda bai saba ba zai ce ya lalace, alhali wannan kartar ce shaidar sinadaran da ke kare shi. Launi ba hujja ba ne, shi ya sa masu gwaji ke amfani da shuɗin kofi. Ɗanɗanon farko da fettunta ake yi: burodin Toskana, wanda ba a sa masa gishiri, a gasa a garwashi, a goga tafarnuwa sau ɗaya, a kwarara mai, a barbaɗa gishiri.

Miyar da ke jiran wannan mai ita ce ribollita. Farin wake cannellini giram 300 a jiƙa ya kwana, a dafa a ƙaramar wuta, gishiri sai ya yi laushi. A murƙushe rabi cikin ruwansa. A wata tukunya a laushe albasa, karas da seleri a mai, a sa ɗan tumatirin gwangwani cokali ɗaya, dankali biyu, kwatan kabeji, da dami ɗaya na cavolo nero, baƙin kabeji mai dogon ganye wanda ake zare wa jijiyar tsakiya. Ya fi daɗi bayan sanyin farko ya dake shi. A zuba ruwan waken, a bar shi awa biyu, a ƙara sauran waken. Sannan a jera a mazubi: burodin da ya kwana biyu, giram 300, miya a kai, burodi, miya, a bar shi ya kwana. Washegari a sake tafasawa a hankali ana juyawa don kada ya kama. Burodi mai laushi na leda yana mayar da ita kunu mai yauƙi, dole sai mai tauri da ya bushe. Ba a sa cuku, mai ɗanye kawai a kai.

Mai son tafiya da mai gida ya sayi na gwangwani, lita uku ko biyar, ya duba shekarar girbi a jiki, ya sa a jakar da za a auna, don ba a shiga jirgi da shi a hannu. Wanda ba a tace ba a shanye shi cikin wata biyu zuwa uku, domin laka tana kwanta a ƙasa ta ɓata shi. Tatacce yana kai wata 18. Haske, zafi da iska ne ke kashe shi, saboda haka a ƙasa mai zafi a juye shi a ƙananan kwalabe masu duhu, a cika su har wuya, a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, nesa da murhu, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya.